Maganin Mutum Ɗaya

9 ga Fabrairu

Kawu,

Sallama da gaisuwa irin ta 'ya ga uba. Ina fata kana lafiya kai da iyali, aiki kuma yana tafiya da sauƙi. Na san za ka yi ta juya ambulan kana tunanin wace ce wannan. Ni ce 'yar Yayarka, wadda kakanta da kakanka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Sau biyu kacal ka taɓa ganina: ranar da na zauna maka a kan tabarau ina 'yar shekara shida, da ranar jana'izar mahaifiyata. Na so in kira ka a waya, sai aka ce min kunnenka ya yi nauyi, mutum ya yi ta ihu kana amsa masa da "madalla". Shi ya sa na ɗauko biro, dama kuma akwai takardar da nake so ka gani da idonka.

Mu nan da sauƙi, ban da maigidan. Ni ina koyarwa a firamare, Auta ta shiga aji uku na sakandare, manyan sun watse kowa da inda yake. Shi kuwa Baban Auta tari ya sa shi a gaba. Wannan ne karo na uku cikin wata bakwai. Yadda yake zuwa ma na haddace: gyaran murya kwana biyu, sai zazzaɓi, sai ciwo a haƙarƙarin dama, sai kaki mai kauri kore-kore. Mu je asibiti, a ba shi magani, cikin kwana uku ya miƙe kamar ba shi ba. Mu yi wata biyu muna murna, sai in jiyo gyaran muryar nan daga banɗaki.

An gwada tarin fuka har sau biyu, babu. A wannan karon likita ya sa an kai kakin ɗakin gwaji, ga takardar sakamakon nan na sa maka a ciki. Na tambaye shi me ya sa abin yake dawowa, ya ce "sai a hankali", ya kira na gaba. Ban ga laifinsa ba, layin har waje. Amma kai shekara talatin kana wannan aikin na gwaji, ka faɗa min da Hausar da zan gane. Mutumin nan ya rame, Kawu. Sau biyu ina ƙara masa huda a bel. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Direban motar kayan da ya kawo maka wannan yana zagayowa nan duk bayan kwana tara. Ka ba shi amsa.

'Yarka

14 ga Fabrairu

'Yar Yaya,

Na amsa sallamarki, na kuma gane ki tun a layi na uku. Tabarau ɗin nan sababbi ne a lokacin, amma na yafe. Mu lafiya lau, sai tsufa. Ki gai da surukina, Allah ya ba shi lafiya, ki shafa min kan Auta.

Na karanta takardar. Abin da ke damunsa ƙwayar cuta ce irin wadda muke kira bakteriya, ba mura ba ce da za ta gaji ta tafi da kanta. Bari in faɗa miki yadda ake samun takarda irin wannan, don ki iya karanta ta gaba da kanki. Muna shafa kakin a kan wani faranti mai abincin da cutar ke so, mu ɗora 'yan takardu ƙanana a kai, kowace an jiƙa ta da magani daban, mu rufe mu ajiye a wuri mai ɗumi. Bayan kwana biyu sai mu buɗe. Inda maganin yake da ƙarfi za ki ga fili ya zagaye 'yar takardar, cutar ba ta kusanto ba. Inda ta saba da shi kuwa, har kan takardar take hawa ta zauna. A taku an gwada magunguna shida. Huɗu suna kashe ta, biyu ta hau kansu. Biyun nan, ina kyautata zato, su ne aka ba shi a karo na farko da na biyu.

To me ke sa ta saba? Idan mutum ya fara shan magani, masu rauni a cikinsu ne suke fara mutuwa, shi ya sa yake jin ya warke a kwana na uku. Masu taurin kan suna nan a lungun huhu, sai an yi ta yi musu ruwan magani har ƙarshen kwanakin da aka yanka. In aka tsaya a hanya, su ne za su hayayyafa, kuma 'ya'yansu sun riga sun san maganin. Wani lokaci kuma mutum ya warke sarai, sai wani na kusa da shi da ke ɗauke da ita ya mayar masa. Huhun da ƙura ta cinye ma ba ya iya share kansa.

Saboda haka ki amsa min. Wace sana'a yake yi, a wane irin ɗaki? Wa yake tari a kusa da shi? Maganin nan kuma yana shanye shi har ƙwayar ƙarshe?

Huɗu ba kaɗan ba ne, kada ki tayar da hankalinki. Amma ba a ƙara su, raguwa kawai suke yi.

Kawunki

24 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa da godiya. Wasiƙarka ta same mu cikin sauƙi, har na karanta wa Baban Auta wajen farantin nan, ya ce ashe kai ma kiwo kake yi. Ya miƙe, yana cin abinci, jiya har ya ɗaga Auta sama don ya nuna mana ƙarfi, ita kuma tana ta cewa ya sauke ta ta girma. Ita ce 'yar jinyarsa, in yana kwance ba ta matsawa daga gefensa, a nan take aikin makaranta tana buga masa baya.

Katifa yake yi, da kushin na kujeru. Shagon na mahaifinsa ne, ɗaki ɗaya dogo, ƙofa a gaba, taga guda a can sama wadda buhunan auduga suka toshe tun ban zo gidan ba. A tsakiya akwai babban teburin da suke yanka yadi da soso, keken ɗinki biyu a jikin bango, fanka ɗaya tana ta juya ƙura. In suna bugun auduga ba ka ganin fuskar na kusa da kai. Su uku ne: shi, da Dogo mai cusa auduga, da Tela. Shekara ashirin da wani abu suna tare, in ka ga yadda suke sai ka rantse ciki ɗaya suka fito. Na sha faɗa masa ni ce dai ya aura amma Dogo ne matarsa.

Tari kuwa, ai a shagon nan kowa yana yi, shi ne gaisuwarsu. Dogo da Tela ma sun yi nasu a wannan karon, har da zazzaɓi, amma Allah da ikonsa duk a mako ɗaya suka warware, kamar sun haɗa baki. Haka aka yi wancan karon ma.

Batun shanyewa, ka kwantar da hankalinka. Sau uku ake sha a rana har kwana bakwai, shi kuma da sassafe yake fita, sai magariba ya dawo, don haka da kwalin yake tafiya a aljihu. Da na zo wanki na tarar da katunan maganin uku fayau, ko ƙwaya ɗaya babu. Ni ba na wasa da irin wannan. Yaran ajina ma sun san ba a bar min aiki rabi.

Ina ganin ƙurar ce kawai. Na saya musu ƙyallen rufe hanci, Dogo ya ce zai ajiye nasa sai ranar kwalliya.

'Yarka

1 ga Maris

'Yar Yaya,

Gaisuwa a gurguje, direba yana tsaye a kaina. Mu lafiya.

Wasiƙarki ba ta kwantar min da hankali ba, ta tayar min da shi. Katin da babu komai a ciki ba shaida ba ne. Ran nawa aka karɓo maganin, ran nawa kika yi wankin? Kin taɓa ganin ya haɗiye ko ɗaya da idonki? Ki bar maganar ƙura tukuna. Cutar nan ba daga sama take faɗo muku ba, a wajenku ake kiwonta, kuma wanda ya kamata ya lura bai lura ba. Ki bincika tun kafin ta dawo, don za ta dawo.

Kawunki

6 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina kuma neman afuwa. Sau bakwai direba yana zuwa yana tambayata ko akwai saƙo, ina ce masa babu. Fushi na yi. Na karanta "a wajenku ake kiwonta" na ce wato ni ce ƙazama, ni ce sakarai, mutumin da sau biyu ya taɓa ganina zai zauna a can ya auna min gida. Na wanke labule, na shanya katifu, na goge har bayan kabad, duk don in ba ka amsa a zuciyata. Tambayar da ka yi min kuwa ban ko waiwaye ta ba.

Cutar ta dawo ranar ashirin ga watan jiya. Wannan karon da jini a kakin, kuma in zai hau 'yan matakalan ƙofar gida sai ya tsaya ya dafa bango. An sake gwaji, ga takardar. Na karanta ta da kaina yadda ka koya min, a tsaye a barandar asibiti. Biyu suka rage.

A nan ne tambayarka ta dawo min. Ranar Litinin muka karɓi wancan maganin. Ni kuma ranar Laraba nake wanki, shekara da shekaru. Maganin kwana bakwai ya ƙare a kwana uku, na riƙe katunan a hannuna, na yi murna, har na rubuto maka ina alfahari.

Na ɓoye wa Baban Auta abin da na gano. Aka ba shi sabo, washegari ya lallaɓa ya tafi shago wai akwai aikin da aka yi alkawari. Na roƙi malamar ajin kusa ta riƙe min yara, na bi shi da tsakar rana, abin da ban taɓa yi ba. Na tarar da su ukun a tsaye a kan teburin yanka. Ya ɓare ƙwayoyin duka a kan wani ƙyalle, yana tura su da bakin almakashi, ɗaya nan, ɗaya nan, ɗaya nan. Kashi uku. Dogo yana tari yana riƙe da ƙirji, yana jiran nasa.

Na ce, "Baban Auta, me kake yi haka?"

Ko a jikinsa. Ya ce, "Rabo nake. Ke kuma lafiya da rana tsaka?"

Na ce, "Maganinka ne. Kai likita ya rubuta wa."

Ya ce, "To ai ciwon iri ɗaya ne. Mu uku za mu rufe shago mu je mu yini a layi? Ɗaya yake zuwa ya karɓo wa kowa, kamar yadda ake sayen auduga. Ni ke da katin asibiti, ni nake zuwa."

Tela ya sa baki, wai tun zamanin mahaifin Baban Auta duk abin da ya shigo ta ƙofar nan a kan teburin nan ake ajiye shi a raba, ko ƙosasshen lemo ɗaya ne. Dogo ya ce, "Uwargida, ai yana aiki. Kwana biyu muke sha mu miƙe."

Kawu, a gaban mutanensa na tattare ƙyallen na ƙulle na sa a jaka. Ban taɓa yi masa haka ba. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce, "Yanzu in koma gida in sha, Dogo yana nan yana wannan tarin? Da wane maƙogwaro zan haɗiye?" Na ce da wanda kake cin abincina. Muka dawo gida.

Na ba shi da hannuna har kwana bakwai, amma ya riga ya raba na ranar farko, kuma wannan karon bai miƙe ba. Zazzaɓin yana sauka ya hau. Dogo kuma tun shekaranjiya bai fito aiki ba. Ni na ƙwace rabonsa, wannan ma yana cina.

Ka yi min faɗa in kana so, na cancanta. Amma ka faɗa min abin yi.

'Yarka

11 ga Mayu

'Yar Yaya,

Na gode wa Allah da na ga rubutunki. Mu lafiya. Faɗa kuma babu, ni ne na rubuta magana a tsaye kamar ina yi wa ɗalibi. Shagon nake nufi, ba tsakar gidanki ba, da na ƙara layi ɗaya da ba mu yi asarar wata biyu ba. Wannan laifina ne kuma ina jin nauyinsa.

Yanzu kin san dalili. Mutum uku suna shan maganin mutum ɗaya, ba wanda ya sha abin da zai kashe ta, kowa ya sha abin da zai koya mata. Sannan su koma ɗaki ɗaya marar taga suna mayar wa juna. Surukina mutumin kirki ne, kirkinsa ne ya kawo mu nan, kada ki tsane shi a kan haka.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Cikin biyun da suka rage, wanda kika ba shi bai yi ba, don haka ki ɗauka saura ɗaya. Na nuna wa likitar ƙirji ta nan takardun, ta rubuta 'yar wasiƙa, ga ta nan, ki kai wa likitanku. Ki faɗa masa komai, har teburin, kada kunya ta sa ki rage. Maganin da ya rage ba a ajiye shi a ko'ina, sai an rubuta an aiko da shi da sunan marar lafiya, kuma yana ɗaukar lokaci. Sau biyu ne a rana, kwana goma sha huɗu.

In ya zo, ki kulle shi, mabuɗin a jikinki. Ki ba shi, ki tsaya ya haɗiye. Ko wa ya roƙe ki, ko da kuka, kada ƙwaya ɗaya ta fita. Dogo da Tela su je asibiti yau, kowa da katinsa. A rufe shagon. Shi kuma ya kwana shi kaɗai, taga a buɗe, Auta ta daina zama a gefensa.

Bayan wannan maganin ban san abin da zan rubuto miki ba.

Kawunki

8 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Dogo ya rasu ranar ashirin da biyar ga watan jiya. Da ƙyar aka kai shi asibiti, kwana huɗu ya yi. Baban Auta bai iya zuwa jana'iza ba, ƙafarsa ba ta ɗaukarsa. Ya juya fuska bango ya yini, da yamma ya ce min, "Da kin bar masa rabonsa." Na san ba gaskiya ba ne, kai ma ka faɗa min, amma ta shige ni.

Na yi duk yadda ka ce. Likita ya saurare ni, ya cire tabarau ya dafe kai. Kwana goma sha tara muka yi muna jiran maganin, kullum in na tashi daga makaranta sai na biya ta tagar da ake bayarwa, har matar wurin ta fara girgiza min kai tun daga nesa. Shekaranjiya ya iso. Yana cikin akwatin ƙarfena, mabuɗin a wuyana. Yau kwana uku, zazzaɓin ya sauka, ya sha shayi da burodi ya nemi ƙari.

Jiya matar Tela ta zo. An rubuta wa mijinta nasa amma bai iso ba, yana kwance. Ta durƙusa min a ƙofar ɗaki, matar da ta girme ni, ta ce ko guda huɗu ne in taimaka, in nasu ya zo za su mayar. Baban Auta yana jiyo mu daga ciki yana kiran sunana. Na ce mata babu. Ta ce, "Shekara ashirin mijinki bai taɓa cin abu shi kaɗai ba." Na ce shi ya sa muke nan. Ta tashi ta tafi ba sallama. Unguwa duk ta ɗauka, wai na kashe Dogo yanzu saura Tela. Su faɗa. Ni mijina nake so ya rayu, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Auta ce kawai ta gagare ni. Na hana ta shiga ɗakin, sai in dawo daga aiki in tarar da littattafanta a bakin gadonsa. Na yi mata tsawa har ta yi kuka.

'Yarka

13 ga Yuni

'Yar Yaya,

Allah ya jiƙan Dogo, ya ba ku haƙuri. Mu nan lafiya. Abin da kika yi wa matar Tela shi ne daidai, ko da yake na san ya fi komai wuya. Da kin ba ta huɗu, da mijinta bai warke ba, naki ma bai warke ba. Zai fara jin ƙarfi yanzu, zai ce ya isa, a nan ne haɗarin yake. Ki riƙe har ta ƙarshe. Duk gidan nan da shagon nan ke kaɗai ce na yarda da hannunki, hankalina ya kwanta tun da mabuɗin yana wuyanki.

Kawunki

17 ga Yuni

Kawu,

Sallama. Wasiƙarka ta iso ɗazu, direba yana sauke kaya, ya ce zai jira ni awa ɗaya. Da ma ba ka yabe ni ba.

Auta ta fara gyaran murya a kwana na biyar. Na ce wa kaina alli ne na makaranta. A kwana na bakwai zazzaɓi ya rufe ta, ta riƙe haƙarƙarin dama, daidai inda ubanta yake riƙewa. Washegari na kai ta asibiti tun kafin a buɗe ƙofa. Likita ya yi mana kirki, ya gan mu farko. Aka karɓi kaki, aka ce sakamako sai bayan kwana biyar, kuma sai da shi za a iya rubutawa a aiko mata da irin na ubanta. Kafin nan ya ba ta wani. Na duba sunan, Kawu. Kai ka koya min karatun takardar. Yana cikin waɗanda cutar ta hau kansu tun watan Fabrairu. Na faɗa masa, ya ce wataƙila tata daban ce, mu yi fata. Ni da shi duk mun san a wane ɗaki ta ɗauko ta.

Kwana biyar, sannan sha tara. Dogo kwana huɗu ya yi.

Na dawo da ita gida na kwantar. Numfashinta yana fita da sauri-sauri, leɓenta ya bushe, tana ce min in yi haƙuri da ta ƙi jin magana. Na zauna a kan akwatin nan tun azahar har la'asar. Duk abin da ka rubuto min na tuna, ba wanda na manta. Na tuna fuskar matar Tela. Sannan na buɗe.

Na mayar da shi haka: ta safe tasa, ta yamma tata. Shi kuma da yamma in ba shi farar ƙwayar ciwon kai, girmansu kusan ɗaya. Ranar farko ya haɗiye bai kula ba. Rana ta biyu ya sa a baki, ya tsaya, ya fito da ita a tafin hannu yana dubawa. Ya ce, "Wannan ba ta da ɗaci." Na miƙa masa kofin ruwa. A daidai lokacin Auta ta yi tari ta bayan bango, mai tsawo, irin wanda ba ka san inda zai tsaya ba. Ya saurara har ta gama. Ya dube ni, ba fushi ba gori, ya ce, "Rabi ba ya yi, ke kika faɗa min. Ki ba ta ta safen ma."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "To ni ba zan buɗe baki ba." Kuma bai buɗe ba. Washegari na tsaya a kansa da ƙwayar da kofin ruwa har rana ta ɗaga. Daga nan na wuce ɗakin Auta.

Kada ka rubuto min cewa kuskure ne, na sani. Na san abin da ya rage ba zai ishe ta ba ita ma, na san maganin babba ne na ba yarinya, gobe zan je in faɗa wa likita da bakina. Yau kwana biyu ke nan bai sha ko ɗaya ba. Auta ta tashi zaune da safen nan ta ci abinci. Shi kuma ɗazu, ina tsakiyar wannan shafin, na ji ya fara gyaran murya.

Ka zo, Kawu. Za a sake yi masa gwaji, kuma takardar da za ta fito ba zan iya buɗe ta ni kaɗai ba.

'Yarka